Jinjina ga Irma, Mai Bokitin Alhamis

Kafin Bruno ya iso ya buɗe ƙofar gaba ta shagonsa, Irma Hautala ta riga ta shigo ta baya. Takan buga takalma a dokin ƙofa ta kakkaɓe ƙanƙara, ta rataye rigar sanyi, ta ɗora kofi. Ba ta kunna manyan fitilu. Ta ce kifi ma barci yake yi, kuma babu mai son a dalle masa fuska da haske da sassafe. Ƙaramar fitilar lungu take kunnawa, sannan ta bi layin akwatunan gilashi tana dafa kowanne da bayan hannu, kamar uwa mai duba goshin yara. Wanda ta ji ya yi sanyi ta tsaya ta duba hitar da ke ɗumama ruwansa. Wanda ta ji da ɗumi ta wuce.

Daga nan sai abinci, ɗan abin da yatsu biyu suka tsinka. Daga nan sai bokiti da tiyo. Ta zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ta mayar da sabo mai ɗumi daidai da wanda ta tarar. Soson tace ruwa kuwa ba ta taɓa wanke shi a famfo ba, a cikin tsohon ruwan da ta zuƙo take matse shi.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan tana wannan a shagon kifin ado na Bruno da ke gangaren unguwarmu a Thunder Bay. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ce sun gaji. Ta hana Bruno shirya walima, ta hana a liƙa hotonta a taga. Rubutu kaɗai ne ba ta hana ba, shi ma don ba ta san ana yi ba ne.

Shagon cike yake da kifaye masu ɗaukar ido, amma lungun Irma na gurami ne, ƙananan kifayen nan masu ruwan zuma da ba su kai tsawon babban yatsa ba. Ba sa faɗa, ba sa tsere. Suna da wasu zarurruka biyu a ƙirji da suke shafa ganye da su, kamar mai lalube a duhu. Jifa-jifa ɗaya zai hau saman ruwa ya kurɓi iska ya koma harkarsa.

Bruno ya ce bai taɓa ɗaukar ma'aikacin da ya kai ta korar masu saye ba. Mutum zai zo ya sayi akwati, ya nuna gurami ya ce a haɗa masa, sai ta ce ya je gida ya zuba ruwa, ya dasa ganye, ya kunna soso, ya dawo bayan 'yan makonni idan ruwan ya kwanta.

"Irma," in ji Bruno, "shago na buɗe ko makaranta?"

"Ka sayar masa yau, ya dawo maka da gawa jibi. Zaɓi ɗaya."

Rabin unguwar nan ta kora mu gida da akwati babu kifi. Duk mun dawo.

Alhamis ce ranar hutunta, kuma a ranar ne aikin da nake son faɗa yake. Takan sa bokiti da tiyo a bayan tsohuwar motarta ta bi gidajen tsofaffin masu saye, waɗanda ƙarfin ɗaukar ruwa ya ƙare musu amma kifayensu na nan. Ba ta karɓar komai sai kofi, shi ma sai ta kushe shi. Babu wanda ya sa ta. Gidajen suna da yawa, labaransu ma haka, amma na gidan Orest Pawliuk shi ne wanda masu shi suka yarda a bayar, kuma daga bakin Bruno da Orest da 'yarsa Nadia na tattaro shi.

Orest ƙaton mutum ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a rumbunan alkama na bakin tafki, hannuwansa kamar shebur. Matarsa Stella ce mai kifi. Bayan da Nadia ta yi aure ta koma Calgary, gida ya yi wa Stella shiru, ta zo wajen Irma ta sayi gurami biyu, mace da namiji. Suka hayayyafa, 'ya'yansu suka hayayyafa, har jikokin jikoki, duk a akwati ɗaya a gindin tagar falo. Orest bai taɓa sa hannu ba. "'Yan zaman banzan Stella" yake ce musu.

Stella ta rasu da kaka, ciwon huhu. Kafin Kirsimeti shi kuma ɓarin jikinsa na hagu ya ɗan shanye. Ya tashi, yana tafiya da sanda, amma hannun hagu ya yi nauyi. Nadia ta zo ta gani, ta koma ta nemo masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da ita. Ya ce ko da igiya ba za a fitar da shi daga gidan da ya zauna da Stella ba. Suka yi ta cacar baki a falo, har cikin fushi ya nuna akwatin da sandarsa.

"Ga shaidu nan. Ki dawo ranar da ƙanƙarar tafki ta fashe, jirgin ruwa na farko ya shigo. In kin tarar da kifayen uwarki a raye, ki ƙyale ni da gidana. In sun mutu, ni da kaina zan haɗa kayana."

"Tato, ba wasa nake yi ba," in ji ta, haka take kiran babanta.

"Ni ma ba wasan nake yi ba."

Ta riƙe shi a kan maganarsa. Kifayen a lokacin sun haura goma.

Wajen ƙarshen Janairu sai ga Orest a shago, sanda a hannu, gemu duk ƙanƙara. Bruno yana bayan kanta, ya ji komai. Orest bai gaisa ba, ya zarce lungun gurami, ya nuna.

"Goma nake so. Irin waɗannan."

Irma ta ajiye tiyo. "Goma? Ina na Stella?"

"Suna nan."

"Nawa ne suke nan?"

Ya dubi silin, ya dubi ƙasa. "Biyu."

"A wata ɗaya da rabi?"

"Ke, 'yar Finlan, saye na zo yi, ba shari'a ba. Nadia ba ta san fuskarsu ba. Kifi kifi ne."

A nan ne ta ji labarin alkawarin. Bruno ya ce har ya fara jawo leda, ta yi masa wani kallo ya mayar.

"Ba zan ba ka kifi ka kai su inda 'yan'uwansu suka mutu ba," in ji ta. "Kuma ba zan taya ka yi wa 'yarka ƙarya ba. Alhamis ina zuwa. Ka dafa kofi, ba ruwan wanke tukunya ba."

Ya fita yana sababi da yarensu na Yukren, har ƙararrawar ƙofa ta kusa tsinkewa.

Ranar Alhamis ta je. Tun daga soro ta ji ƙugin inji. Da ta shiga falo sai ta tsaya cak da bokiti a hannu. Murfin akwatin yana jingine da bango. Ganyen da ke yawo a saman ruwa, wanda Stella ta shekara tana lallaɓawa, an kwashe shi tas. Wani ƙaton injin hura iska yana ta tafasa ruwan kamar tukunyar dankali. Tagar da ke saman akwatin kuwa a buɗe take kamar faɗin tafin hannu, a tsakiyar hunturu, iskar tafki tana kwararowa kai tsaye bisa ruwan. Kifayen biyu sun maƙale a bayan wani dutse, sun koɗe kamar tsohon tsumma.

"Orest! Wa ya buɗe tagar nan?"

"Ni."

"Murfin fa?"

"Ni na cire. Injin ma ni na sa aka kawo, mafi girma da suke da shi." Ya faɗa da alfahari. "Numfashi ke gagarar su. Ina zaune ina gani, suna ta hawowa sama suna haƙilon iska. Shekara nawa na yi a rumbu? In ƙura ta shaƙe mutum, fitar da shi ake yi, a buɗe ƙofofi, a kunna fanka. Duk abin da na sani na yi musu. Kullum na ƙara iska, kullum sai na tsinci gawa."

Ya zauna a kujerar Stella, ya ɗora sandar a cinya.

"Haka ita ma ta riƙa yi," in ji shi. "A makon ƙarshe. Ta ɗaga kai tana neman iska, ta ce Orest, buɗe mini taga."

Orest ya ce mini ya zaci za ta rarrashe shi. Ba ta yi ba. Ta taka ta rufe tagar, ta murɗa sakata. Ta zare wayar injin daga bango. Falo ya yi tsit, ruwan ya fara kwanciya.

"Stella ba ta da lafiya," in ji ta. "Waɗannan lafiyarsu ƙalau kafin ka fara yi musu magani. Haka aka halicce su, da baki suke shan iska daga sama, ko ruwan ya kai me kyau. Asalinsu 'yan kududdufin ƙasar zafi ne, inda ruwa ba ya motsi, ganye ya rufe sama. Iskar da suke kurɓa dole ta kasance mai ɗumi, mai laima. Aikin murfin ke nan. Ka taɓa shiga ɗakin surace na mutanenmu?"

"Sau ɗaya. Na kusa dahuwa. Ku 'yan Finlan ba ku da hankali."

"To ka zauna a ciki tsirara, jiki ya yi ɗumi, wani ƙaton ɗan Yukren ya zo ya wangale ƙofa a watan Janairu ya ce taimakonka yake yi. Kullum. Kwana nawa za ka yi?"

Ya daɗe yana kallon murfin da ke jingine da bango.

"Ni na kashe su ke nan."

"Kai ka kashe su. Biyu sun rage, mace da namiji, ka yi sa'a. Tashi ka miƙo mini murfin."

Ta ɗauko ƙaramin soson Stella daga kabad ta mayar, mai fitar da kumfa ɗaya-ɗaya a hankali. Ta rage ruwan yadda za a sami sarari tsakaninsa da murfi. Daga cikin rigarta ta zaro leda cike da ganyen saman ruwa da ta tsinko daga akwatin gidanta, ta baza. Sannan ta sa shi ya ɗora murfin da hannunsa.

"Yanzu me zan yi?" ya tambaya.

"Ka zauna."

"Sai me?"

"Shi ke nan. Abinci sau ɗaya da safe, abin da yatsu biyu suka tsinka, yatsuna ba naka ba. Ka duba ma'aunin zafi. Ka zauna."

"Wannan ai ba aiki ba ne."

"Gwada ka gani."

Kafin ta fita ta juyo ta ƙara masa wadda ta fi zafi. Ta ce Nadia za ta ji cewa biyu suka rage, ko daga bakinsa ko daga nata. Ya buga sanda a ƙasa, ya ce ta fita masa daga gida, munafuka, ashe 'yar leƙen asiri aka turo masa. Ta ja kujera ta zauna, ta ce kofinta bai ƙare ba. A gabanta ya kira Calgary.

Nadia ta ce lokacin da ta ji "biyu" sai da ta nemi wuri ta zauna. "Tato, magana ta ƙare ke nan. Zan ce su riƙe ɗakin."

"Cewa na yi a raye. Ban ce guda nawa ba."

"Tato!"

"Jirgi bai shigo ba tukuna."

Ta ce to, sai jirgi ya shigo. Amma ɗakin ba ta sake shi ba.

Irma, ke ce wadda ta gwammace tsoho ya zage ta a falonsa da a ce ta sayar masa da ƙarya a leda. Da kin ba shi goman nan, da Bruno ya ji daɗi, da Orest ya yi miki godiya, da kafin Fabrairu ta ƙare su ma sun bi sahun na farko, tagar tana nan a buɗe. Kin san haka, kuma kin san ba kifi kaɗai ke shan sanyi a gidan ba.

Makonnin da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba. Macen ta ƙi cin abinci. Orest ya ga haka ya zuba mata cokali guda, ruwa ya yi dusu-dusu, Irma ta zo ta zuƙe ƙasa tana masifa, ta ɗauke gwangwanin abincin ta bar masa na mako ɗaya a murfin kwalba. Bokiti ya fi ƙarfin hannunsa, sai ta koya masa sauya ruwa da moɗa, kaɗan-kaɗan, ta ce ya riƙa riƙe ta da hagu. Ya ce hagun ta mutu. Ta ce to a binne ta mana, me take yi a jikinsa? Rabin ruwan a kafet yake ƙarewa da farko. Daga baya ya ragu.

Sai kuma kiran waya. Bruno ya ce kullum da hantsi wayar shago sai ta yi ƙara.

"Ba ni 'yar Finlan."

"Tana aiki, Orest."

"Ka ce mata namijin ya fito daga bayan dutse."

Washegari: "Ka ce mata macen ta ci ƙwaya biyu." Wata rana: "Ka ce mata ya taɓa gilashi da zarensa, daidai inda na sa yatsa. Gaishe ni ya yi." Irma daga lungu ta ɗaga murya ta ce a gaya masa yunwa ce, ba gaisuwa ba. Amma Bruno ya rantse ya ga tana murmushi cikin bokiti.

Mutumin da ya saba juya tan-tan na alkama ya koyi zama a kujera yana kallon abu biyu da ba su kai yatsansa ba. Ya ce wannan ya fi duk aikin rumbu wuya. Sau da yawa hannunsa ya kai ga sakatar taga, musamman idan ya ga sun hau sama suna kurɓar iska, sai ya mayar da shi aljihu.

Cikin Afrilu ƙanƙara ta fashe. Duk garin ya ji kukan jirgin farko. Nadia ta sauka ranar Alhamis, kuma ba da gangan aka shirya haka ba, ranar ce ta sami hutu. Ta tarar da motar Irma a ƙofar gida. Irma tana kicin, ta kawo burodin pulla irin na mutanen Finlan da ta gasa, tana yankawa. Suka gaisa a tsaye, Nadia ta wuce falo ko jakarta ba ta ajiye ba.

Abin da ta gani bai kwantar mata da hankali ba. Akwatin ya yi duhu, ganye ya rufe saman ruwa, gansakuka ta ɗan kama gilashin baya. Kifi ko ɗaya ba ta hango ba. A kusurwa kuma, a ƙarƙashin wani faffaɗan ganye, ga kumfa ta taru fara fat, curi guda, kamar ta wanke-wanke.

Ta ce abu ɗaya ne ya zo mata a rai. Sabulu. Ya wanke akwatin da sabulun kwanuka. Ba hannu kaɗai ba ne, kan ma ya fara tafiya. Duk hanyar da ta biyo tana addu'ar ta sami dalilin ƙyale shi, ga shi ta sami akasin haka. Hawaye ya cika mata ido. Ta ɗaga murfin, ta ɗauki moɗar da ke gefe don ta kwashe kumfar kafin ta ƙarasa kashe abin da ya rage.

"Kul!"

Hannu ya cafke wuyan hannunta. Orest ne, ya taso daga kujera babu sanda. Sai daga baya ta lura da wane hannu ya riƙe ta. Na hagu ne.

"Tato, sabulu ne, zai kashe..."

"Sabulun gidanku. Mayar da murfin, kina shigar musu da sanyi. A hankali. Yauwa. Yanzu durƙusa ki duba ta ƙasa."

Ta durƙusa. A ƙarƙashin kumfar ga namijin tsaye wuri ɗaya. Ba koɗaɗɗen tsumman Janairu ba ne, ya yi jawur kamar zumar da aka ɗaga wa rana, maƙogwaronsa baƙi wuluk har ciki. Tana kallo wani ɗan ɗigo, ƙanƙane kamar ƙwayar gishiri, ya sulluɓo daga kumfar. Kifin ya bi shi ya cafe da baki, ya hau ya tofa shi cikin kumfa, ya koma ya tsaya gadi.

"Sheƙa ce," in ji Orest, ya rage murya kamar a coci. "Shi ya gina ta da bakinsa, kumfa ɗaya-ɗaya. Shekaranjiya ya fara. Ƙwai ne a ciki. Macen tana can bayan ganye, ya kore ta, shi ke reno. Ba ya gini a ruwa mai hargitsi, ba ya yi a sanyi. Uwarki ta sha kirana in zo in gani, ina ce mata ina kallon wasan hoki."

Nadia ta zauna daɓas a kafet.

Duk wannan Irma ba ta leƙo ba. Tana kicin da burodinta. Can sai Nadia ta shigo ta rufo ƙofa.

"Misis Hautala, ki gaya mini gaskiya. Ke kika yi wannan ko shi?"

"Ni Alhamis kaɗai nake zuwa. Sauran kwana shidan wa ke nan?" Ta tura mata faranti. "Ci. Amma ki ji, kifi ba likita ba ne. Yana buƙatar ƙarfen dafawa a banɗaki, da mai share masa ƙanƙarar ƙofa, kuma a raba shi da tsanin nan na bayan gida kafin ya karya wuya. Ina shiga gidan nan duk mako. Ranar da na ga kansa ya fara ruɗewa, ke zan fara kira, ko zai tsine mini. Shi ma na gaya masa."

"Kin gaya masa?"

"Ya ce munafuka. Ai ya saba."

Daga falo muryar Orest ta taso. "Ina jin ku! Ku rage surutu, akwai mai jego a gidan nan!"

Nadia ta yi dariya har da hawaye. Kafin ta koma Calgary ta kira gidan tsofaffin ta ce a ba wani ɗakin.

Hunturu uku ke nan da yin haka. Orest yana nan a gidansa. Akwatuna uku gare shi yanzu, kuma duk wanda ya shiga sai ya sha lacca a kan murfi. Jinin kifayen Stella ya bazu a unguwa, har akwai su a Calgary.

Irma Hautala, mai bokitin Alhamis. Mai hannun da ya fi ma'aunin zafi. Ke ce kika san lokacin da za a zare waya daga bango a ce wa mutum ya zauna, kuma kika san lokacin da ke kanki za ki zauna a kicin ki bar uba ya nuna wa 'yarsa abin da ya iya. Ba ki taɓa ce wa kowa ki ceci wani ba. In an tambaye ki, cewa kike yi ruwa kike sauyawa. Mun gode da ruwan. Mun gode da duk ranar da kika kore mu gida da akwati babu kifi.

Makon jiya Orest ya shigo shago, ƙirjinsa a kumbure kamar mai ɓoye kaza. Ya zuge riga ya zaro kwalba nannaɗe cikin safar ulu. Ƙananan gurami shida ne a ciki.

"Na ji an ce kin tsufa," in ji shi. "Ga na sallama. Jikokin Stella ne."

Ta karɓa ta ɗaga wa haske. "Ka bar musu sararin iska a sama?"

"Makauniya ce ke? Ga shi nan."

"A cikin riga ka taho da su tun daga gida?"

"A'a, a kan hula na ɗoro su. Ke dai karɓi, mayya. Kuma daga yanzu Alhamis ni ke zuwa gidanki. Bokiti ya fi ƙarfina, amma ina da moɗa. Ki dafa kofi, ba ruwan wanke tukunya ba."

Bruno ya ce rungume kwalbar ta yi, ta koma da ita lungunta.

Gidan Irma ya sami mai zuwa. Sauran gidajen da take bi kuwa suna nan, da tsofaffinsu da kifayensu, kuma Alhamis mai zuwa ba za su ji motarta a ƙofa ba. Aikin ba ya buƙatar gwaninta mai yawa. Ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu, ka mayar da mai ɗumi, ka sha kofi mara daɗi, ka duba taga, ka duba mai gidan. Bokitin da tiyon ta bar su rataye a bayan ƙofar shago. Bruno ya san gidajen. Duk wanda ya zo ɗauka, ta ce a gaya masa abu ɗaya: kafin ya fito daga kowane gida, ya waiwaya ya tabbata ya mayar da murfi.